Rahama Ba Ta Gawa Ce Kaɗai Ba

Gwada ka gani. Ka sami abokinka yana zaune lafiyarsa ƙalau, ka dube shi ka ce, "Allah ya yi maka rahama." In bai zabura ba zai harare ka ya ce, "Mutuwa na yi?" A bakinmu kalmar nan ta koma kayan zaman makoki, tana tafe tare da makara da likkafani da sadakar uku, ba ma tunawa da ita sai an yi rashi. Alhali da ita muke buɗe baki kafin mu kai lomar tuwo, da ita yaro yake fara allo, kuma surori 113 cikin 114 na Alƙur'ani da bisimilla suka fara, wadda ta ambaci rahama har sau biyu. Manomi ya fi mu gane wannan, domin shi in sama ta zubo ruwa rahama yake kiransa, ya kuma ɗauki fartanyarsa ya nufi gona yana murna.

Wannan jingine rahama da muka yi a maƙabarta ya ci mana farin ciki. Aya ta 58 a Suratu Yunus ta umarci mutane su yi murna da falalar Allah da rahamarsa, ta kuma fifita hakan a kan duk abin da suke tarawa. Masu rai aka yi wa wannan umarni, masu jiran albashi, masu bin bashi, masu jinya. Amma mu mun raba gari: murna ta gidan biki ce da shagon sayar da waya, addini kuwa na ɗaure fuska ne.

Kaso mai yawa na laifin yana wuyan wani irin wa'azi da ya cika wayoyinmu. Za ka ji mutum ya yi awa guda yana lissafa matakan wuta, da zafin kabari, da macizai da kunamu, har muryarsa ta dishe, in ya zo kan ƙofar tuba sai ya wuce ta da jimla guda kamar wanda ake ƙirga wa kalmomi. Wuta gaskiya ce, babu mai musun ta. Sai dai malaman da muke tutiya da su ba su taɓa koyar da tsoro shi kaɗai ba. Imam Gazali ya haɗa tsoro da kwaɗayin rahama a babi guda cikin Ihya'u, Ibnul Ƙayyim kuma ya kamanta su da fukafukan tsuntsu guda biyu. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Mu'azu da Abu Musa zuwa Yaman, da sauƙaƙawa da bushara ya yi musu wasiyya, ya hane su korar mutane. To wa ya ba mai wa'azin zamani izinin fige fiffike ɗaya?

Ga inda abin yake ƙarewa. A shekarar 2018, bayan binciken da BBC ta fitar kan shan maganin tari mai kodin, wanda Kano ta fito a cikinsa ƙuru-ƙuru, Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. An hana kwalba, amma ƙishin da ya kai yaran ga kwalbar yana nan. Saurayin da ya faɗa shaye-shaye ya san haramun ne, ba ya buƙatar a ƙara sanar da shi. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne akwai hanyar dawowa, kuma ana marhabin da shi a kanta. A gida an kira shi tsinanne, a majalisa an tashi an bar masa benci, in ya doshi masallaci kowa ya janye takalminsa. Wanda aka tabbatar masa ya riga ya halaka, me zai hana shi ƙara kwalba? Haka yarinyar da ta yi cikin shege. Tsoron idon mutane ya fi ƙarfin abin da ta sani na gafarar Ubangijinta, shi ya sa lokaci zuwa lokaci ake wayar gari a tsinci jariri a kwata. Aya ta 53 a Suratuz Zumar da masu yawan zunubi take magana kai tsaye, ta hana su yanke ƙauna. Mu kuma mun tsaya a bakin ƙofa muna tantance wanda ya cancanci shiga, har in wani ɗan fim ko mawaƙi ya rasu sai ka ga ana jayayya a Facebook kan ko ya halatta a roƙa masa gafara. Kai da ba ka san makomarka ba!

Na san amsar da za a ba ni: in aka yawaita zancen rahama mutane za su sake, kowa ya yi abin da ya ga dama ya ce Allah mai gafara ne. Akwai masu yin haka, kuma mun san su. Wanda ya danne kuɗin fansho na tsofaffi, azumi na kamawa ya hau jirgi zuwa Umra, ya turo mana hoto da harami. Wanda ya ɓoye hatsi a rumbu yana jiran kwano ya ninka kuɗi, sannan ya raba ɗan kunu a ƙofar gida da magariba. Wannan tuban muzuru ne, kuma ƙarancin sanin rahama ne ya haife shi. Da an karantar da ita yadda take, da sun ji cewa wanda ba ya jin ƙan mutane ba a jin ƙansa, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an mayar masa ko ya yafe. A Bukhari da Muslim akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, akwai kuma karuwar da aka gafarta wa don ta shayar da kare. Wanda ya ji labaran nan biyu ya fahimce su ba zai sake ba, zai ma fara duba yadda yake yi da 'yar aikin gidansa da almajirin da ke wanke masa mota.

Dalilin da ya sa na ce farin cikin da ke ɗorewa a nan yake ba wani boyayyen sirri ba ne. Duk sauran abin da muke jingina murnarmu a kansa ana iya ƙwace shi dare ɗaya. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, masu miliyoyi a banki sun kwana a layi suna neman dubu biyu ta cefane. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mutanen Maiduguri suka kwanta da gidaje suka tashi a kan titi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda murnarsa take rataye da abin da ya tara, duk faɗuwar naira faɗuwarsa ce. Wanda kuwa ya sa ransa ga rahamar Allah shi ma yana kuka in ya yi asara, yunwa tana cinsa kamar kowa, amma yana da wurin komawa da gobara ba ta ci, ruwa ba ya tafiya da shi. Hadisi ya nuna rahama kashi ɗari ce, ɗaya tak aka saukar duniya, kuma daga ɗayan nan ne uwa take tausayin ɗanta, dabba take ɗage kofato kada ta taka nata. Sauran 99 an tanade su.

Kada a ɗauka ina cewa talaka ya rungumi hannu ya yi ta murmushi ana cinye masa haƙƙi. Mai neman rahama da gaske ya fi kowa ƙin zalunci, tunda ya san kishiyarta ne. Kuma nema ake yi, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba: istigfari, mayar da kayan mutane, zuwa gaida ɗan'uwan da aka yi shekara uku ana gaba da shi kan gado.

Ga masu riƙe da makirufo kuwa, buƙatata ƙarama ce. Duk mintin da aka ba wuta a ba ƙofar tuba irinsa. In an ga yaron nan mai jajayen idanu ya leƙo sahun baya ranar Juma'a, a matsa masa ya zauna.