Waiwaye: Kwamfutar da ke mutuwa bayan azahar

A shekarar 2011 ina riƙe da wani ɗan shagon buga takardu a Kano, a kan layin da ɗalibai ke yawan bi. Jarina gaba ɗaya kwamfutar tebur ce guda ɗaya 'yar Beljiyam, Pentium 4 mai Windows XP, sai firinta da ƙaramin janareta. Shekara biyu tana yi mini aiki ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da bazara ta kama, wajen ƙarshen Maris, sai ta tsiri wani hali. Ana cikin bugu ta fara jan ƙafa, ka danna harafi ka tsaya jiran fitowarsa, fankar cikinta ta yi ta gurnani, can sai ɗif.

Duk wanda na faɗa wa, amsarsa ɗaya: bairos ne. Ban ga laifinsu ba, domin a lokacin da wuya filash ɗin ɗalibi ya shigo shago babu cuta a ciki. Na kai ta aka yi mata fomatin. Ta yi kwana biyu lafiya, ta koma gidan jiya. Cikin mako uku sau uku ana goge ta. A na biyun ne babi biyu na furojet ɗin wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe suka salwanta, haɗe da duk gyaran da malaminta ya yi mata. Dare biyu na yi ina sake buga mata kyauta, amma har yau idan na tuna yadda ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa magana, sai raina ya ɓaci. Daga nan na zargi wuta, na sayi sitabilaiza. Na zargi ram, na canza. Kuɗi na fita, ciwo na nan.

Maƙwabcina a layin wani dattijo ne mai gyaran rediyo da talabijin, wanda bai taɓa kiran kansa masanin kwamfuta ba. Wata rana ya ji ina salati, ya leƙo.

"Ɗana, da wane lokaci take mutuwa?"

Na ce, "Kullum, Baba."

"Na ji kullum. Da safe ko da rana?"

Na yi shiru ina tunani. Ba ta taɓa mutuwa da safe ba, haka ma da dare. Tsakanin azahar da la'asar take yi, lokacin da kwanon rufi ya gama shan rana. Ya ce, "To bairos ba ya duba agogo. Wannan zazzaɓi take yi."

Na kunna ta na yi ta danna maɓallin Delete har shafin BIOS ya fito, muka nemo inda take nuna zafin jikinta. Ba ta aikin komai, amma furosesa na kan digiri 70 da ɗoriya. Muka zare wayar wuta, muka kwance murfin gefe. Ƙurar hunturu biyu ta taru a ciki. A kan furosesa akwai wani ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar mataji, wanda aikinsa shi ne janye zafi, fanka kuma ta kore shi waje. Tsakanin haƙoran nan ƙura ta daskare ta zama kamar bargo, ko allura ba za ta wuce ba. Fanka tana juyawa iya ƙarfinta, iska ba ta da hanya. Da muka ɗaga ƙarfen, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa don zafi ya ratsa ya bushe ya koma kamar alli.

A nan na gane ma'anar jan ƙafar. Irin wannan furosesa, idan zafi ya yi masa yawa, da kansa yake rage gudu don ya huce, idan abin ya ƙi sai kwamfutar ta kashe kanta kafin ta ƙone. Mako uku tana faɗa mini ciwonta, ni kuwa ina goge mata ƙwaƙwalwa. Kuma da hannuna a ciki: na cusa ta a cikin akwatin katako ƙarƙashin tebur, bayanta manne da bango, na lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, ko tana aiki ba na yayewa. Injin da aka ƙera don ofis mai sanyi, ni na sa shi a tanda, a garin da zafin Afrilu kan kai digiri 40.

Baba ya ɗauko burushin fenti da bulowa. Ya dafe fankar da yatsa kafin ya hura iska, ya ce idan aka bar ta tana gudu fiye da ƙima sai ta lalace. Ya goge tsohon man tas, muka sayo sabo ya ɗiga kamar ƙwayar wake, ya mayar da ƙarfen ya ɗaure. Sai ya haska tocila a kan babban allon ciki yana duban kafasitoci, waɗannan ƙananan gwangwanaye da ke tsaye kusa da furosesa. Ya ce in kan ɗaya ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu mai kama da tsatsa, shara ba za ta yi magani ba, sai canji. Namu duk lafiya. Da muka kunna, zafin ya sauko ƙasa da 50. Shekara uku ta ƙara yi a shagon.

Ba kowace mutuwar kwamfuta ce zafi ba, kuma ba na son wani ya bar makauniyar hanya ya kama wata. Ram mai matsala ba ruwansa da safe ko rana, yakan jefo shuɗin allo a kowane lokaci, kuma manhajar Memtest86 na iya tona shi. Fawa-fak da ya gaji yakan sa ta mutu ta sake tashi da kanta idan aiki ya yi nauyi. Kowanne da alamarsa, sai dai mai gaggawa ba ya tsayawa ya gani. Abin da ke damuna shi ne har yanzu masu gyara da yawa fomatin suke fara yi kafin su kwance ko da noti ɗaya, alhali shi ne matakin da ba a dawowa daga gare shi, kuma aikin mutane ne ke tafiya.

Mai karatu, idan kana da tsohuwar kwamfuta a shago, ko ofis, ko makaranta, kada ka bari Maris ya same ta da ƙurar hunturu a ciki. Kwafe muhimman takardunka a wani wuri, zare wayar wuta, buɗe ta ka share, ka janye ta daga jikin bango.