Maraɗi Ba Ta Rasa Fili Ba, Adalci Ta Rasa

Duk wanda ya tambayi manyan ƙasa me ya sa gida ya gagari talaka a Maraɗi, amsa ɗaya suke ba shi: jama'a ta yi yawa, mutanen karkara sun cika gari. Gaskiya ne garin ya bunƙasa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin 45,000, ta 1988 ta haura 110,000, ta 2012 kuwa ta kai 267,000. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yawan jama'a bai faɗo dare ɗaya ba, gwamnati da kanta ta ƙidaya shi har sau huɗu. Wanda aka nuna wa hadari tun da hantsi ba shi da bakin cewa ruwa ya shammace shi da la'asar.

Ainihin cutar ita ce hukuma ta bar aikin gina gari, ta koma dillancin filaye.

A shekarar 1945, da Gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi, an tashi garin daga kwari zuwa tudu, aka shata tituna, aka zaunar da mutane. Mulkin mallaka ne, ba don ƙaunarmu aka yi ba, amma an nuna cewa tsara gari abu ne mai yiwuwa. Bayan 'yancin kai aka kafa kamfanin SONUCI a 1962 don ya gina gidaje, ga bankin Crédit du Niger don ba da rance. Ina gidajen suka tafi? Mafi yawansu Yamai, kuma ga manyan ma'aikata. A 1998 aka yi dokar tsarin muhalli ta ƙasa. A 2018 aka buɗe Bankin Gidaje. Takardu dai ba mu taɓa rasa su ba. To, malamin makaranta da ke haya a unguwar Zariya, ko mai tebur a babbar kasuwa, wanne daga cikin waɗannan ya taɓa miƙa masa mabuɗi?

Shekarun 1990 su suka karya ƙashin bayan ma'aikaci. Albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, sannan a Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kwano da ƙarfe da duk kayan ginin da ake shigo da su suka tashi. Da aka zo biyan bashin albashi a farkon shekarun 2000, sai gwamnati ta biya wasu ma'aikata da filaye. Mutumin da yunwa ta ci shekaru ba ya ajiye takardar fili, sayarwa yake yi da araha ga mai kuɗi. Daga nan kowa ya gane cewa fili ya zama kuɗi, kuɗin da hukuma ke bugawa ba tare da injin ba.

Ga yadda abin ke tafiya. Aljihun hukumar gari ya bushe, sai a auna gonaki, a kafa duwatsu, a ba mai gona 'yan filaye kaɗan ladan gadon kakanninsa, a sayar da saura. Ba famfo, ba lantarki, ba magudanar ruwa, ba hanya. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya zama a can, don haka mai babban aljihu ya kwashe goma ko ashirin, ya zagaye da katanga, ya jira farashi ya ninka. Ku bi hanyar Jiratawa ko ta Tibiri ku gani da idonku: katangu a jere, ciki ciyawa da awaki, alhali a Mokoyo da Bagalam iyali guda na cunkushe a ɗaki ɗaya. Gari yana faɗi, masu gida ba sa ƙaruwa daidai da faɗinsa.

Jiratawa ce ke biyan farashi biyu. Garin noma ne, mai fadamar ban-ruwa da ke ciyar da kasuwannin Maraɗi da ganye da kayan miya. Kowace gonar tudu da ta koma fili, manomi ya rasa hatsin shekara, kuɗin da ya karɓa kuwa sukan ƙare kafin damina biyu. Ɗansa ya shigo birni neman haya, sai a nuna shi da yatsa a ce ga masu cika gari.

Wanda ya gaza sayen fili mai takarda ina zai nufa? Bakin kwari da hanyar ruwa. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan sama ya rushe gidaje a Maraɗi, aka rasa rayuka. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta hana haƙa lambatu ba. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a Oktoban 2024 taimako ne, sai dai siminti ba ya amfanar wanda ba shi da inda zai zuba shi.

Ba mu ware kowa ba. Zaɓaɓɓun magadan gari tun daga 2004, da kantomomin da aka naɗa a 2024, duk kujera ɗaya suka hau, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da muke nema ba ya bukatar taimakon ƙasashen waje. A manna sunayen waɗanda aka ba filaye a ƙofar ma'aikatar magajin gari, kowa ya karanta. Kada a sake sayar da fili sai an kai ruwa an fitar da hanya. Filin da ya shekara biyar babu gini a ɗora masa haraji mai nauyi, kuɗin su tafi ga magudanai. A shata iyakar da birni ba zai ƙetare ba cikin gonakin Jiratawa da Tibiri. Bankin Gidaje kuma ya nemo hanyar ba ɗan kasuwa rance, domin a garin da ciniki ya gina, takardar albashi ba ita kaɗai ce shaidar mutum ba.

Alhazan Maraɗi, ku ma da ku muke. Kun gina masallatai, Allah ya saka. Filin da kuka kulle shekara goma da katanga, ku gina ɗakunan haya masu sauƙi a ciki, ko ku sake shi ga mai bukata.