Sharhi: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kan Hayaƙin Motoci

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan mota na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa zai tarar da ƴan ƙananan kwalabe jere a kan kanta, wasu da rubutun Faransanci, wasu da Ingilishi, wasu da rubutun da mai shagon kansa ba ya iya karantawa. Alkawarinsu ɗaya ne: a juye kwalba guda cikin tanki, ta wanke inji, ta share bututun hayaƙi, ta kashe fitilar gargaɗin da ke ci a gaban direba, ta kuma rage shan mai. Ma'aikacin gwamnati da ya yi shekaru yana tsimin albashi kafin ya mallaki tsohuwar mota yana saye. Ɗan kasuwar da babbar motarsa ke jigila tsakanin Ƙonni da Agadas shi ma yana saye. Ranar farko hayaƙi ya ɗan lafa, bayan mako biyu ya dawo, sai a koma shago a ƙaro wata kwalbar.

Adalci ya wajabta a faɗi gaskiyar kwalbar tukuna. Ba dukansu ne na yaudara ba. Masu kyau daga cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai aiki kamar sabulu, wanda yake narkar da dauɗar da ke taruwa a ƴan bakunan da ke fesa mai cikin inji, waɗanda makanikai ke kira injekta. Idan bakunan suka toshe, mai ba ya fita da kyau, ba ya ƙonewa duka, mota ta riƙa shaƙewa tana fitar da baƙin hayaƙi. A irin wannan hali maganin kirki yana iya taimakawa, musamman idan dauɗar ba ta yi kanta ba. Iyakar aikinsa ke nan. Abin da aka zuba cikin tanki yana bin mai zuwa cikin inji, a can yake ƙonewa. Abin da ke isa bututun hayaƙi hayaƙi ne, ba ruwan wanki ba.

Sanin abin da ke cikin bututun zai taimaka wa mai mota ya auna alkawarin da ake yi masa. Tun 1993 kusan duk sabuwar motar fetur da aka sayar a ƙasashen Tarayyar Turai tana zuwa da matatar hayaƙi, wadda ake kira kataliza. Wani yumɓu ne mai huje-huje kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, wato filatin da faladiyam da rodiyam. Idan ya ɗauki zafi, yakan juya iskar guba da ragowar man da bai ƙone ba su koma ruwa da iska mai sauƙin illa. Abubuwa huɗu ne suka fi kashe wannan matata. Na farko dalma a cikin fetur, wadda take rufe ƙarafan har abada. Na biyu farar wuta mai yawa a cikin mai, wadda take rage mata ƙarfi. Na uku baƙin mai, idan inji ya tsufa yana shan sa, domin tokarsa tana liƙe ramukan. Na huɗu buji mara kyau, wanda yake barin ɗanyen mai ya gangara ya ƙone a cikin matatar har yumɓun ya narke. Yumɓun da ya narke ko ya farfashe, babu kwalbar da za ta mayar da shi.

A motocin gazuwal na zamani akwai wata matatar ta daban mai kama baƙin ƙurar hayaƙi. Ƙurar tana ƙonewa ne idan zafi ya kai wajen digiri 600, abin da ba ya samuwa sai a doguwar tafiya. Kamfanin Peugeot, a motarsa 607 ta shekarar 2000, ya fito da dabarar ɗiga wani sinadari cikin gazuwal domin ƙurar ta ƙone a zafin da bai kai haka ba. Wannan magani ne na gaskiya, amma injiniyoyi ne suka auna shi, suka yi masa ɗan tankinsa a jikin motar, na'ura ce kuma take ɗiga shi gwargwadon buƙata. Ko shi ma ba ya ƙone toka. Idan toka ta cika matata, sai an kwance ta an wanke, ko a sake wata.

Launin hayaƙi kansa yana faɗin ciwon mota, kuma tsofaffin makanikai sun san wannan karatu. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. A ƙasar da hunturu ke cika sarari da ƙura wata da watanni, sau da yawa laifin na matatar iska ne, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, zobban fistan sun cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwan lagireto ya sami ƙofa. Cikin ukun nan, a kashi ɗaya na ciwon farko kaɗai kwalba take da abin cewa. Sauran aikin sufana ne.

Akwai kuma kwalaben da ke ƙara ciwo. Wasu da ake sayarwa da sunan ƙara wa fetur ƙarfi suna ɗauke da ƙarafa irin su manganis, waɗanda suke barin jan tsatsa a kan buji da na'urar da ke auna iskar hayaƙi. Tarihi ma ya riga ya yi gargaɗi. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba sinadarin dalma cikin fetur yana hana inji ƙwanƙwasa. Aka karɓe shi a matsayin babban magani. Sai bayan shekaru masu yawa duniya ta yarda cewa dalmar tana shiga jinin yara tana dakushe musu ƙwaƙwalwa. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ba su daina sayar da fetur mai dalma ba sai a farkon 2006, ƙasar ƙarshe a duniya kuma, wato Aljeriya, sai a 2021. Wannan ya isa ya sa a yi hattara da duk abin da ake zubawa cikin tanki ba tare da an san abin da ke cikinsa ba.

To, ina jakin yake, tunda taiki ake ta duka? Yana wuri biyu: man da ake sha, da motocin da ake shigowa da su.

Batun mai ba sabo ba ne. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da maƙwabta Benin da Mali. Ta sami gazuwal wanda farar wutar da ke cikinsa ta ninka abin da dokar Turai ta yarda har sau 378. A Turai, tun 2009, iyakar ita ce kashi 10 cikin miliyan. A 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince a tsakaninsu cewa kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma huhun ɗan Nijar bai canza ba saboda ficewar. Tambayar da ta dace magabata su amsa a fili ita ce: wane ma'auni ne ake bi yanzu, kuma wa ke tabbatar da shi?

Nijar ba ta rasa hanyar amsawa ba. Tun watan Nuwamban 2011 matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram take aiki, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. SONIDEP, wanda aka kafa a 1977, shi ke riƙe da ajiya da rarraba mai. Ƙasar da take haƙo manta, take tace shi, take kuma raba shi ta hannun kamfanin gwamnati, tana da ikon gaya wa jama'a abin da ke cikin kowace lita. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499, gazuwal zuwa 618, aka yi shela a rediyo da talabijin, kowa ya ji. Ingancin man ya cancanci irin wannan shela. Mai saye yana da haƙƙin sanin farashi, yana da haƙƙin sanin abin da ya biya.

Tsakanin babbar ma'ajiya da tankin mota kuwa akwai doguwar hanya, hannuwa da yawa suna taɓa man. Shekara da shekaru garuruwan kudu sun dogara da ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Janye tallafin mai da shugaba Bola Tinubu ya yi a watan Mayun 2023 ya karya ribar wannan fatauci, ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025 kuma ya nuna yadda ƙasa ta jima tana jingine da shi. Man da ya wuni a rana cikin kwalba, aka tace shi da tsumma, ƙura ta shiga, wani lokaci aka sirka shi da kananzir ko ruwa, shi ne yake toshe injektar da ake neman wankewa. Gidajen mai ma ba su tsira ba: a watan Fabrairun 2022 fetur mai yawan sinadarin metanol ya shiga gidajen mai na Najeriya ya lalata motocin mutane. Wanda ya sha gurɓataccen mai da safe ya zuba magani da yamma ya biya sau biyu, motarsa kuma tana nan da ciwonta.

Sai motocin. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Masu binciken gwamnatin Holan ma sun duba motocin da ke jiran jirgi zuwa Afirka, suka tarar da yawancinsu sun haura shekara goma sha biyar, wasu kuma an riga an yanke musu kataliza. Wadda ta tsira a can, sau da yawa ba ta tsira a hanya ko a gareji, domin masu sayen tsofaffin ƙarafa suna biyan kuɗi mai kyau saboda filatin ɗin da ke ciki. Akan ce wa mai mota cirewa yana ƙara mata gudu. Nawa ne daga cikin masu sayen maganin wanke kataliza suke tuƙa motar da babu komai cikin bututunta sai iska?

Asarar ba ta tsaya a aljihun mai mota ba. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Masu shaƙarsa daga safe zuwa dare ba su ne masu motoci ba. Su ne mai tuyar ƙosai a bakin tasha da goyonta, da ɗan sandan da ke ba da hannu a mararraba, da ɗan kabu-kabu, da almajirin da ke tsaye a gefen titi, wanda hancinsa yake daidai da bakin bututu. Babu ɗayansu da aka nemi shawararsa ranar da aka yanke kataliza.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya rage wa hukuma a bayyane yake. A riƙa ɗibar man ma'ajiyoyi da na gidajen mai ba tare da sanarwa ba, a auna shi, a karanta sakamakon a rediyo cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, da sunan kowane gidan mai. A tsayar da iyakar farar wuta cikin dokar ƙasa, a faɗi ranar da za ta fara aiki. Ma'aikatan duwan su duba ƙarƙashin mota kafin su buga hatimi, kamar yadda suke duba takardunta. Binciken lafiyar mota ya haɗa da awon hayaƙi da na'ura, kada ya zama sayen takarda. Hukumar da ke kula da ma'auni da ingancin kaya ta hana shigo da kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta da sunan wanda ya yi ta ba. Game da ƴan ruwa-ruwa kuwa, bulala da ƙwace jarka an gwada su ba sau ɗaya ba, ba su hana komai ba. Ƙauyen da babu gidan mai dole ya sayi na kwalba, saurayin da ba shi da wata sana'a dole ya sayar.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƴan kasuwar da ke shigo da motoci da kwalaben nan sun san abin da suke saye a Lome da Dubai, kuma amanar da aka san fataken ƙasar nan da ita ta hana a sayar wa mutum abin da mai sayarwa ba zai zuba a tasa motar ba. Ma'aikatan da ke sa hannu a takardun sayen kaya na ofisoshi su ma su dubi abin da ake kashewa a kan motocin gwamnati: kuɗin talakawa ne, kuma juyen baƙin mai a kan lokaci ya fi kowace kwalba araha.

Mai mota kuma, kafin ya miƙa kuɗinsa, ya sa a duba masa matatar iska da buji, ya tambayi bakanike ko katalizar tana nan, ya sha mai inda ya amince da shi. Idan bayan wannan duka ya ga dama ya ƙara magani, ya nemi wanda aka san kamfaninsa, ya bi awon da aka rubuta a jiki. Rigakafi ya fi magani, a asibiti da gareji duka. Amma rigakafin hayaƙin da gari duka ke shaƙa ya fi ƙarfin mutum ɗaya da ƴar kwalbarsa. Aikin hukuma ne, kuma jama'a suna jiran ranar da za su ji sakamakon awon farko a rediyo.