Bashin Wata 41 Da Gwamnatin Holand Ta Riƙe Har Masu Shi Suka Ƙare

Ƴan kasuwa, maza da mata, ku kuka fi kowa sanin halin mai cin bashi. Akwai wanda zai ce maka yau ba shi da shi, a ƙara masa kwana biyu. Wannan da sauƙi, tun da ya yarda ana bin sa. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda kullum sai ya tura ka wurin wane, in ka matsa ya miƙo maka kuɗin goro ya ce kyauta ce, a ransa kuwa yana lissafin ranar da za ka gaji ko ka kwanta dama. Yau labarin irin wannan mai cin bashi muka kawo muku. Gwamnati ce sukutum, ta ƙasar Holand, ɗaya daga cikin ƙasashen Turai masu arziki, kuma waɗanda ke bin ta ƴaƴanta ne da suka yi mata aiki.

Bari mu fara da asalin maganar. Ƙasar da ake kira Indonesiya a yau, Holand ce ta yi mata mulkin mallaka, tun daga zamanin kamfanin fatake har ya zama mulkin gwamnati, sama da shekara 300. A cikin wannan dogon zama Turawan Holand sun yi ta auren matan ƙasar, aka samu al'umma ta ƴan ruwa biyu waɗanda ake kira Indo. Da yawansu suna da takardun Holand, da su aka cika biro-biro na gwamnati, gidan waya, jirgin ƙasa, duwan, makarantu, da rundunar sojan mallaka mai suna KNIL.

A watan Maris na 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Japan suka ci ƙasar. Suka kama soja kimanin dubu 42 a matsayin fursunonin yaƙi, suka tsare farar hula kimanin dubu 100 a sansanoni, maza daban, mata da yara daban. An kwashi dubban fursunoni zuwa aikin tilas na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin Bama da Tailan, inda yunwa da cuta da duka suka kashe da yawa. Yawancin ƴan Indo ba a sa su sansani ba, amma an kama masu ciyar da su, an rufe bankuna, albashi ya tsaya. Mata suka dinga sayar da zinari da kujeru da tufafi don a samu shinkafar yara. Duk macen da ta taɓa sayar da kwanukan ɗakinta don cefane ta san abin da muke nufi.

Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945. Daga Maris 1942 zuwa wannan rana wata 41 ke nan, kuma a cikinsu ba a biya ma'aikatan gwamnatin mallaka da sojan KNIL albashinsu ba. Mutanen sun haura dubu 80. Ba wanda ya sallame su daga aiki, ba su kuma gudu ba, kama su aka yi saboda rigar da suke sanye da ita. Wahalar ma ba ta ƙare ba, don bayan kwana biyu, ranar 17 ga Agusta, Sukarno ya yi shelar ƴancin Indonesiya, aka shiga watanni na kashe-kashe inda aka hallaka dubban ƴan Indo da Turawa da Sinawa, aka wawashe gidaje. Daga 1945 zuwa shekarun 1960 kimanin mutum dubu 300 suka kwashe ya-nasu-ya-nasu zuwa Holand, ƙasar da da yawansu ba su taɓa takawa ba.

To, da suka nemi haƙƙinsu me aka ce musu? Gwamnatin Holand ta ce ai ba ita ta ɗauke su aiki ba, gwamnatin mallaka ce, wadda ke da baitulmalinta daban. Kuma tun da a watan Disamba na 1949 an miƙa mulki ga Indonesiya, to basussukan tsohuwar gwamnatin sun koma kanta, sai su je can su karɓa. Kotunan Holand a shekarun 1950 suka goyi bayan wannan magana. Indonesiya kuwa, da ta sha yaƙin shekara huɗu kafin ta kori Holand, wa zai sa ran ta biya albashin sojan da aka yi amfani da su wajen danne ta? Ku auna da kanku. Maigida ya buɗe shago a wani gari, ya zuba yara, ribar tana zuwa aljihunsa shekara da shekaru. Ranar da shagon ya faɗi sai ya ce yaran su nemi ladansu wurin wanda ya karɓi rumfar. A kasuwar Maradi ko ta Dole a Damagaram, wane sarkin kasuwa zai yarda da wannan shari'a? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya ƙara tona asirin hujjar shi ne, sojan ruwa na Holand da aka kama a wuri guda, suka sha azaba a sansani guda, an biya su albashinsu, saboda sunansu yana cikin littafin ma'aikatar da ke Turai. Haka nan maganar dukiya. Mutanen da yaƙin Jamus ya rusa wa gidaje da shaguna a cikin ƙasar Holand, an yi musu doka a 1950 an biya su diyya. Waɗanda suka rasa gida da gona da ajiyar banki a Indonesiya, dokar ba ta haɗa da su ba. Alhali Amurka ta biya diyyar ɓarnar yaƙi a Filifin, Ingila ma ta yi tsarin biya a Malaya.

Akwai wani abu da muke so iyayenmu mata su riƙe da kyau. Sa'ad da waɗannan iyalai suka sauka Holand da ƴan akwatunansu, an zuba su a gidajen saukar baƙi, an ba su tufafin sanyi da kayan ɗaki. Amma bashi aka rubuta musu, suka yi shekaru ana yanka daga abin da suke samu. Wato gwamnatin da ke riƙe da albashinsu na wata 41 ba ta manta da kuɗin bargo ba. Littafin bashi yana nan, shafin abin da take bi kawai take buɗewa.

Ta ɓangaren Japan ma ƙofa a rufe take. A yarjejeniyar sulhu ta San Faransisko a 1951, ƙasashen da suka ci yaƙi, har da Holand, sun yafe neman diyya. A 1956 Japan ta ba da dalar Amurka miliyan 10 don farar hular da aka tsare. Da aka raba, kowa ya tashi da gilda 415, gilda ita ce kuɗin Holand na lokacin. Ladan shekara uku da rabi a sansani ke nan. Daga baya waɗanda suka tsira sun kafa ƙungiya, suka kai ƙara Tokyo a 1994, kuma suka yi shekaru suna tsayuwa kowane wata a ƙofar ofishin jakadancin Japan da ke Holand. A 2004 kotun ƙolin Japan ta kori ƙarar.

Sai aka koma kuɗin goro. A 1981 Holand ta ba masu riƙe da gida da aka tsare gilda 7,500 kowanne, sau ɗaya. A ƙarshen shekarar 2000, gwamnatin firaminista Wim Kok ta ware gilda miliyan 385, miliyan 350 a raba wa mutane, miliyan 35 a yi ayyukan al'umma. Kowa ya samu kimanin Yuro 1,800, wajen miliyan ɗaya da jika 200 na Sefa. Sunan da aka sa wa kuɗin da harshensu shi ne Het Gebaar, ma'ana alamar nuna kulawa. An zaɓi sunan ne da gangan, don kada a ce gwamnati ta amsa ana bin ta. Kun dai san bambancin. Wanda ya ba ka kyauta godiya yake jira, wanda ya biya ka bashi kuwa shi ya kamata ya ba ka haƙurin jinkiri.

Cibiyar binciken tarihin yaƙi ta Holand, NIOD, ta fitar da bincike biyu, na Hans Meijer a 2005 kan albashin, da na Peter Keppy a 2006 kan dukiyar da ta salwanta. Duka biyun sun nuna yadda aka bar waɗannan mutane a baya. Duk da haka sai a 2015 ƙaramin minista Martin van Rijn ya daidaita da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƴan Indo, Indisch Platform, cewa za a biya Yuro dubu 25, wato sama da miliyan 16 na Sefa. Kuɗi ne masu kauri, amma ku ji sharaɗin: sai wanda yake da rai ranar 15 ga Agusta 2015, shekara 70 cif bayan ƙarewar yaƙin. Saurayin da aka kama yana ɗan shekara 20 a 1942, a ranar yana da 93. Cikin mutum sama da dubu 80, kusan 600 ne suka karɓa. Wanda ya cika ranar 14 ga wata, tsarin bai san da matarsa ba, bai san da ƴaƴansa ba. Matan da suka riƙe gidaje a lokacin yunwa, suka yi jinyar mazajen da suka dawo a karye, tsarin 2015 ya tsallake su, abin da ya sa aka ci gaba da kai kukansu majalisar dokoki shekaru bayan nan.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Albashin da aka yi wa aiki dukiyar mai shi ce, in ya mutu ta zama gado. Babu kasuwar da mutuwar mai bin bashi ke goge bashi. Mai rumfa in ya rasu, da littafinsa ake zama ranar rabon gado, a bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin da ta yi jinkirin shekara 70, sa'an nan ta ce mai rai kaɗai za ta biya, ta mai da jinkirinta riba. In aka yarda da haka, to an koya wa kowace hukuma a duniya cewa hanyar da ta fi arha ita ce a yi shiru har makabarta ta rage layi.

Mun san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da kukan ma'aikatan mulkin mallaka? Ai su ne hannun da aka danne ƴan ƙasa da shi. Maganar tana da nauyi, ba za mu kauce mata ba. Ƴan Indonesiya sun fi kowa shan wuyar wannan yaƙi. Japan ta kwashi talakawa masu ɗimbin yawa aikin tilas, yunwa ta kashe mutane ba adadi a tsibirin Jawa, kuma bayan yaƙin sojan Holand sun yi kisan gilla a ƙauyuka. A ƙauyen Rawagede, ranar 9 ga Disamba 1947, an harbe maza da yawa, mutanen garin sun ce 431. Sai a 2011 wata kotun Holand ta ba matan mamatan gaskiya, aka ba kowace Yuro dubu 20, su ma ƴan tsirarun da suka rage. A 2020 Sarki Willem-Alexander ya nemi gafara a Indonesiya kan wuce gona da iri na wancan zamani. Amma ku duba da kyau, mai cin bashin ɗaya ne, dabarar ma ɗaya ce. Bashin Hajiya ba ya goge na Alhaji. Wanda ya iya hana yaron gidansa lada, ba baƙon da ya zalunta zai biya da daɗin rai ba.

Mu a nan Nijar labarin bai kamata ya zame mana baƙo ba. Kakanninmu na cikin sojan Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Afirka da suka dawo daga kason Jamus sun nemi kuɗinsu da aka riƙe, aka buɗe musu wuta. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon ƴan mazan jiya na ƙasashen da ta mallaka, na Bafaranshe yana hawa, na abokinsa baƙar fata yana tsaye wuri guda. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, aka ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Daidaita fanshon gaba ɗaya sai daga 2011, lokacin da yawancin tsofaffin sun tafi. Wanda ya ga tsoho da lambobin yabo a ƙirji yana jiran ɗan abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba, ba sai an yi masa dogon bayani a kan ƴan Indo ba.

Abin da ya sa maganar ƴan Indo ba ta mutu ba shi ne, ba su yarda an binne ta ba. Iyalai sun adana takardun ɗaukar aiki, da katin sansani, da wasiƙu. Sun haɗu a ƙungiya maimakon kowa ya yi kukansa a ɗaka. Da iyaye suka tsufa, ƴaƴa da jikoki suka ɗauki dosiyen. Ba don haka ba, ko mutum 600 ɗin ba za su ga sisi ba. Don haka muke kira gare ku, ƴan'uwa ƴan kasuwa. Duk wanda ya kai wa wata hukuma kaya bashi, ko aka tashe shi daga rumfa da alƙawarin diyya, ko gobara ta ci shagonsa aka zo aka rubuta suna, ya riƙe takardarsa da kyau, ya sa a yi mata hoto, ya nuna wa ƴaƴansa inda take. Kuma ranar da aka miƙo kuɗi aka ce a sa hannu, a nemi mai karatu ya duba abin da aka rubuta a sama, ko biyan bashi ne ko taimako, don kalma ɗaya tana iya rufe ƙofar sauran kuɗin.

Ita kuwa gwamnatin Holand, hanyar fita kunya ɗaya ce: ta kira kuɗin da sunansa, bashi, ta lissafa na kowa, ta miƙa wa magadansa. Allah ya raba mu da cin haƙƙin wani, ya kuma fitar wa kowa da nasa.