Hajji da Bizar Ziyara: Ina Hujjarku?

Ya 'yan'uwa Musulmi, har yanzu muna jin wasu dillalan biza suna ruɗin talakawa, wai takardar izinin Hajji dokar mutum ce, ba ta cikin sharuɗɗan Shari'a. Sai bawan Allah ya sayar da gonarsa, su yanko masa bizar ziyara, su ce ya laɓe a Makka har ranar Arfa.

A Hajjin 1445 (2024), da zafi ya haura digiri 50, mutum 1,301 suka rasu. Hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izini. Babu tanti, babu motar ɗauka, sai tafiyar ƙasa cikin tsakar rana. Muna tambaya: ina dillalin yake a ranar? Yana gida yana ƙirga riba!

Alhali tun kafin wannan musiba, Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta yi fatawa cewa tafiya Hajji babu izini ba ta halatta ba, wanda kuma ya kasa samunsa hukuncinsa hukuncin marar iko ne. Allah Maɗaukaki bai wajabta Hajji a kan marar iko ba. To, da wace hujja dillali zai wajabta masa?