Tocila Mai Caji a Daren Rayfield: Ina Ribar, Ina Hasarar?

 Sharhinmu na yau a kan wani ƙaramin abu ne da ake ratayawa a wuya, ko a ɗaura a goshi, ko a ajiye a gefen katifa, wato tocila mai caji.

Rayfield unguwa ce ta manya a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu. A nan Gidan Gwamnatin jihar Filato yake, a nan kuma filin wasan golf yake, wanda Turawan kuza suka kafa tun 1913. Idan aka ɗauke wuta da dare, manyan gidajen ba sa daɗewa cikin duhu, domin janareta zai tashi ko batiran sola su karɓa. Amma a bakin kowace ƙofa akwai mai gadi, shi kuwa ba abin da ya dogara da shi irin tocilarsa. Haka mai shayi da mai tsire a Mai Adiko, haka 'yan sintirin unguwa a Kwang, haka samarin da ke shiga ramukan kuza a wajejen Du da Zawan da fitila ɗaure a goshi. Ga waɗannan mutane tocila kayan aiki ce, wani lokaci ma ita ke tsakaninsu da halaka.

Yankin nan ya san lantarki tun da wuri. A 1929 kamfanin NESCO ya fara aikin samar da wuta daga magangarar ruwan Kurra, a yankin Barikin Ladi, don injinan haƙar kuza. Duk da wannan tarihi, a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. A waɗannan kwanaki ne mutane da yawa suka gane irin tocilar da suka saya.

Dattawa suna tuna tocilar da, mai jikin ƙarfe fari, mai cin manyan batira biyu ko uku irin na Tiger Head. Haskenta ja-ja ne, yana raguwa sannu a hankali, har mutum ya riƙa bubbuga ta a tafin hannu ko ya shanya batiran a rana da fatan su farfaɗo. Abubuwa biyu ne suka kawar da ita daga kasuwa. Na farko ƙwan fitila na zamani da ake kira LED, mai ba da farin haske da wuta 'yar kaɗan, wanda masana uku 'yan asalin Japan suka samu kyautar Nobel a 2014 saboda binciken da ya share masa hanya. Na biyu batirin litiyam mai caji, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Da waɗannan biyu suka haɗu, sai masana'antun Sin suka cika kasuwannin Terminus da Bukuru da tociloli masu cajin kansu, ba sai an ciro batir an kai shi wata na'ura ba.

Ribar abin a fili take. Mai gadin da ke kwana yana haska katanga, a da yakan kashe wani kaso na albashinsa a kan batir kowane wata. Yanzu sau ɗaya zai sayi tocila, kuma batirin litiyam na gaskiya yana ɗaukar caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Idan tocilar mai ramin USB ce, wayar da yake cajin salularsa da ita ta wadatar. Zai iya jona ta a soket, ko a mota, ko a ƙaramin faranti na sola, ko ya miƙa wa mai sana'ar cajin waya a bakin titi. Ga kuma tsaro a cikin ɗaki: gidan da ya koma fitila mai caji ya rabu da kyandir da aci-balbal, waɗanda suka sha haddasa gobara a lokacin hunturu, sa'ad da ake rufe tagogi saboda sanyin Jos. Yara suna karatu ba tare da shaƙar hayaƙin kananzir ba. Wannan alheri ne babba, kuma bai kamata a raina shi ba.

To amma ba duk tocila mai caji ce iri ɗaya ba, kuma a nan ne ake cutar mai saye.

Akwai mai araha, ta roba, mai ƙafafu biyu na ƙarfe da ake turowa daga gindi a soka a soket kai tsaye. Yawancin irin wannan ba litiyam ne a cikinta ba, ƙaramin batirin dalma ne mai ruwan asid, ɗan uwan batirin mota. Ba ta da na'urar da ke tsayar da caji idan batirin ya cika. Muddin tana jikin soket, wuta na ta shiga. A garin da ba wanda ya san sa'ar da za a kawo wuta, mutane kan soka tocila da safe su fita, ko su bar ta kwana biyu a jone don kada wutar ta zo ta wuce su. Wannan yana busar da ruwan batirin. Idan kuma aka yi amfani da ita har ta mutu murus, aka bar ta kwanaki babu caji, nan ma batirin dalma lalacewa yake yi. Wato yanayin wutarmu yana kashe ta ta fuska biyu. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikinsu idan aka kunna su alhali suna jikin soket, ƙwayayen sukan ƙone nan take, kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke takan gama da su. Shi ya sa za ka tarar da gida ɗaya da matattun tociloli huɗu ko biyar a bayan ƙofa. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Mai batirin litiyam ta fi wannan nesa ba kusa ba. Tana da 'yar na'ura da ke yanke caji idan ya cika, ba ta da nauyi, haskenta kuma ya fi daɗewa. Sai dai ita ma tana da nata aibin. Batirin da aka fi sa mata shi ne wanda masu gyara ke kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Na ƙwarai daga manyan kamfanoni bai cika wuce ƙarfin 3,500 a ma'aunin da ake rubutawa mAh ba. Duk wanda ya ga an rubuta 9,900 a jikin batir mai wannan girma, to ya tabbata ƙarya ce. Irin waɗannan jabun sau da yawa tsofaffin batira ne aka sake wa riga, kuma batirin litiyam marar inganci yana iya kumbura, ya yi zafi, har ya kama da wuta. Bai dace a bar shi yana caji a kan katifa ko a ƙarƙashin matashi ba.

Sannan ga ramin cajin kansa. Jos gari ne mai ruwan sama, daga Afrilu har Oktoba. Ɗan murfin roba da ke toshe ramin shi ke fara tsinkewa, daga nan laima da ƙurar hunturu su samu hanya. Mai haƙar kuza da ke aiki cikin laka ya fi kowa sanin wannan. Sau da yawa ƙwan lafiya lau, batirin lafiya lau, ramin ne kawai ya saki, amma tocilar ta tashi aiki.

Babbar hasarar dai ita ce batirin da aka liƙe a ciki. A tocilar da, idan batir ya ƙare da ƙarfe biyun dare, mai gadi zai zaro sabo daga aljihu, cikin minti ɗaya haske ya dawo. A tocilar da aka liƙe batirinta kuwa, idan caji ya ƙare sai a jira sa'o'i, in ma akwai wutar. Sanyin Disamba da Janairu a tudun Jos, wanda ya ɗara mita 1,200 a kan teku, yana ƙara rage wa batir kuzari, don haka tocilar da ke kai asuba a watan Maris tana iya gazawa a tsakiyar daren hunturu. Mutumin da ke ƙasan rami mai zurfi, ko wanda ke zagaya katanga shi kaɗai, ba ya da damar jira. Idan kuma batirin ya tsufa gaba ɗaya, dole a yar da tocilar dukkanta saboda abu ɗaya da ya kamata a ce ana iya sauya shi.

Ina ake yar da su? A bola, inda yara ke tsince-tsince, inda ake cinna wa shara wuta. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Arewa ba ta manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalmar da ke cikin tocila ɗaya ba ta kai wannan ba ko kusa, amma tocilolin da ake zubarwa kullum ba su ƙirguwa, kuma ƙasar Filato ta riga ta sha wahalar abin da haƙar ma'adinai ya bari.

Saboda haka ya kamata a raba abu biyu da ake haɗawa. Caji a jikin tocila abu ne mai amfani. Liƙe batir yadda ba zai ciru ba, shi ne cuta. Akwai tociloli a kasuwa da suka haɗa ramin caji da murfin da ake kwancewa a fitar da batir, kuma irinsu ne suka dace da mai aikin dare: ɗaya a ciki, ɗaya cike a aljihu, a naɗe yadda ba zai taɓa makulli ko tsabar kuɗi ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027, yawancin na'urorin hannu dole su zo da batirin da mai su zai iya cirewa ya sauya. Idan ƙasashen da wutarsu ba ta cika yankewa ba sun ga dalilin haka, Najeriya ta fi su buƙata.

Kira na farko ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON: ta sa ido kan batira masu lambobin ƙarya tun daga tashar jiragen ruwa. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli kuma ta haɗa kai da gwamnatin jiha da 'yan kasuwa a samar da wuraren karɓar matattun batira a Terminus da Bukuru. 'Yan kasuwa su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye ko dalma ce a ciki ko litiyam.

Su kuma masu gidajen Rayfield, waɗanda ke barci cikin hasken sola, su duba abin da ke hannun mutumin da ke tsare musu ƙofa. A saya masa tocila mai kyau wadda batirinta ke ciruwa, a haɗa masa da batir na biyu, a kuma ba shi soket a ɗakin gadi inda zai yi caji da rana. Mai saye kuwa, kafin ya miƙa kuɗi, ya ce wa mai kanti ya kwance gindin tocilar a gabansa. Idan ba ya buɗuwa, ya nemi wata.