Tsohuwar Vespa ko babur mai bugu huɗu: wanne ya dace da mai neman abinci?

Duk wanda ya tashi a Damagaram ko Maraɗi ya san ƙarar Vespa tun kafin ya hango mai ita. Da ita malaman lakwal suke zuwa aiki, da ita alhazan kasuwa suke zuwa masallacin Juma'a, babbar riga tana kaɗawa a baya. Yau da yawansu suna jingine a zaure ƙura ta rufe su, amma hotunan waɗanda aka yi wa sabon fenti da ke yawo a Facebook da TikTok suna jan hankalin matasa. Wanda ya tara ƴan kuɗinsa, ko wanda yayansa ya turo masa daga Aljeriya ko Abijan, sai ya tsaya yana wasi-wasi: tsohuwar nan mai inji mai bugu biyu, ko sabon babur mai bugu huɗu?

In dai shi kaɗai ne abin hawan gidan, kuma da shi za a nemi abinci, mai bugu huɗu ya fi dacewa.

Bambancin yana cikin injin. Mai bugu biyu yana kunna wuta a kowane zagaye, shi ya sa yake da zafin tashi ko da ƙarami ne. Sai dai ba shi da wurin ajiye baƙin mai a ƙasan inji, dole a gauraya man da fetur su ƙone tare. A Vespa irin PX ma'aunin kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Ranar da aka manta, fistan na iya kamewa a tsakiyar hanya. Idan kuma aka zuba man mota maimakon nasa na musamman, buji ya riƙa toshewa, bututun hayaƙi ya cika da baƙi. Ƙari a kan haka, wani ɓangare na fetur yana ficewa ta bututun ba tare da ya ƙone ba. Shi kuwa mai bugu huɗu sau ɗaya yake kunna wuta a zagaye biyu, mansa yana zaune a wurinsa sai lokacin juye ya yi, kuma ya fi tsimin fetur.

Batun fetur ba ƙarami ba ne. Kafin Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa yana da arha a garuruwan bakin iyaka, ba kowa ne yake lissafin lita ba. Wancan zamani ya wuce. Ɗan kabu-kabu da ke yini a kan hanya, kowace litar da injin ya zubar daga cikin cefanen gida take fita.

Sai kayan gyara. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946, ya fito da PX a 1977, ya kawo Vespa ta farko mai bugu huɗu a 1996. Daga baya dokokin hayaƙi na Turai suka sa aka daina ƙera PX ɗin gaba ɗaya. Kamfanin Bajaj na Indiya ma ya daɗe da barin tsohuwar Chetak, wadda aka yi da siffar Vespa. Ma'ana, abin da ya karye sai an neme shi a jikin wata matacciyar ko a yi odarsa daga nesa. Makanikan da suka san cikinta su ma yawanci dattawa ne, yaran gareji na yanzu a kan Haojue da Boxer suka koyi aiki. Waɗannan kuwa kayansu suna ko'ina daga Yamai har Tawa, a gyara da safe a koma aiki da rana.

Masoya Vespa suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Jikinta ƙarfe ne, ba roba ba. Injin ba shi da tarkace da yawa, ana iya kwance shi a ƙarƙashin bishiya. Ba ta da sarƙar da rairayi zai cinye, tana tafe da tayarta ta safaya, abin da sababbin babura ba su da shi. Wata ta shekara arba'in tana aiki, alhali wasu sababbin masu arha ba su kai ko kusa ba suke fara kwarkwaɗewa. Amma ƙananan tayoyinta masu inci 8 ko 10 suna shan wahala a rairayin unguwanni da ramukan damina, birkin tsofaffin ba shi da kamun na yanzu, hayaƙinta kuma wanda ke bayanta ne yake shaƙa.

Saboda haka Vespa ta fi dacewa da mai abin hawa na biyu, wanda ya san makanikinta, kuma ba zai kwana da yunwa ba idan ta yi mako a gareji. Shi ma kada fenti ya ruɗe shi. Ya duba tsatsa a ƙarƙashin wurin ɗora ƙafa, ya sa a tayar da ita da sanyin safiya a gabansa, ya gwada dukkan giyoyin, sannan ya tabbatar lambar jiki ta yi daidai da ta takardu, domin yawancin waɗannan tsofaffin sun ratsa hannaye da yawa.

Su kuma ƴan uwa da ke ƙetare masu turo kuɗin babur, yana da kyau su fara tambayar me za a yi da shi. Idan ƙane zai riƙa kai yara lakwal ne ko ɗaukar fasinja, a saya masa wanda kowane gareji zai iya gyarawa, a haɗa da hular kwano da inshora. Vespar baba kuwa a wanke ta, a gyara ta sannu a hankali, a fita da ita ranar Sallah.